Shin Ruwan Duniya Zai Ƙare? Daga Fim Ɗin Mad Max Zuwa Dajin Kamuku

Kwanakin baya, bayan na gama lacca a kan yadda tsirrai ke shan ruwa, wani ɗalibina ɗan asalin Birnin Gwari ya biyo ni har bakin ofis. Ya ce a hutun da ya wuce ƙannensa sun tsare shi da tambaya, saboda sun kalli wani fim a waya mai suna Mad Max: Fury Road, inda aka nuna duniya ta zama hamada, mutane suna kashe juna a kan ruwan sha. Suka ce masa, tun da shi ne ɗan jami'a, ya gaya musu gaskiya: shin wata rana ruwan duniya zai ƙare? Ya ce musu wannan ƙaryar 'yan fim ce kawai. Sai ƙaramar cikinsu ta ce, to idan ƙarya ce, me ya sa rijiyar gidansu take ƙafewa tun kafin bazara ta kankama, alhali kakarsu ta ce a da rijiyar ba ta yin haka? A nan ɗan jami'a ya rasa ta cewa, shi ya sa ya kawo mini ƙara.

Tambayar yarinyar nan ta fi amsar yayanta nauyi, kuma ita ce za mu bi a wannan darasi. Amma bari mu fara da fim ɗin, domin malamai da yawa ba su gan shi ba, ɗalibansu kuwa sun haddace shi.

Abin da aka nuna a fim

An saki Mad Max: Fury Road a shekarar 2015, wani mutumin Ostareliya mai suna George Miller ne ya shirya shi. Labarin bai da wani tsawo. Duniya ta lalace, babu kogi, babu gona, sai rairayi da gishiri iyakar ganin ido. Wani azzalumin shugaba, Immortan Joe, ya mallaki wani tsauni wanda a ƙarƙashinsa akwai ruwa mai yawa, yana janyo shi da injuna. Lokaci-lokaci sai ya buɗe manyan bututu daga ƙololuwar tsaunin, ruwa ya zubo kan talakawan da suka taru da ƙwarya da gwangwani, kafin su cika sai ya rufe. Wata jaruma mai suna Furiosa ta sace matansa biyar a cikin wata ƙatuwar tanka, ta nufi wani wuri mai dausayi da ta sani tun tana yarinya. Daga nan har ƙarshe tsere ne da motoci. Akwai guguwar ƙura da ta kai sama, akwai wani makaɗi da aka ɗaure a gaban mota yana kaɗa jita tana fitar da wuta. Wanda ya ga wannan ya san ba a shirya fim ɗin don ajin kimiyya ba.

Wani abin dariya ya faru wajen ɗaukarsa. Da farko an shirya yin aikin ne a yankin Broken Hill na Ostareliya, inda ake da busasshiyar ƙasa. Sai aka yi ruwan sama mai yawa, hamadar ta yi kore shar, furanni suka fito ko'ina. Dole aka kwashe motoci da ma'aikata aka tafi hamadar Namibiya a 2012. Watau fim ɗin da ke nuna ƙarewar ruwa, ruwan sama ne ya kore shi daga gida.

Ruwa ba ya barin duniya

Masana sun ƙiyasta cewa ruwan da ke duniya baki ɗaya ya kai kimanin kilomita kiyubik miliyan 1,386, ma'ana idan aka auna shi da akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne kilomita ɗaya ne. Wannan adadi bai da sauƙin riƙewa a ka, saboda haka mu ɗauki duro ɗaya mai cin lita 200, mu ce shi ne dukan ruwan duniya. Lita 195 na cikinsa ruwan gishiri ne, na teku. Saura lita 5 su ne ruwan daɗi. A cikin lita 5 ɗin nan, wajen lita 3 da rabi ƙanƙara ce a daskare a ƙuryar kudu da ƙuryar arewa ta duniya da kan manyan duwatsu. Wajen lita 1 da rabi yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke cikin dukan koguna da tafkunan duniya, da Kwara da Binuwai da Nilu da Tafkin Chadi, bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba. Da wannan cokali, da ɗan abin da muke iya jawowa daga ƙasa, 'yan Adam fiye da biliyan 8 suke sha, suke noma, suke shayar da dabbobi.

Cokali ɗaya ya isa ne saboda ana sake cika shi kullum. Zafin rana yana tayar da ruwa daga teku ya zama tururi, a kowace shekara abin da ke tashi daga fuskar teku ya fi zurfin mita 1. Tururin ba ya daɗewa a sama. A matsakaici, kwana 9 yake yi kafin ya sauko a matsayin ruwan sama ko raɓa ko ƙanƙara. Ƙarfin jan da ƙasa take yi wa kowane abu shi ke hana shi tserewa. Ɗan abin da ke sulalewa zuwa sararin samaniya bai taka kara ya karya ba, ko da an tara na shekaru dubbai. Don haka tekun da ya ƙafe ƙurmus, kamar yadda fim ɗin ya nuna, yana buƙatar a gaya mana inda ruwansa ya tafi. Matsakaicin zurfin teku ya kai kilomita 3.7. Idan ya zama tururi, zai dawo. Marubutan fim ɗin ba su damu da wannan tambaya ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba ita ce sana'arsu ba.

Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 muna da namu fim ɗin, wanda muka kalla a kaset a gidan bidiyo, ana biyan kuɗi a ƙofa. Sunansa Waterworld, na Kevin Costner, an sake shi a 1995, kuma an kashe masa wajen dala miliyan 175, kuɗin da ba a taɓa kashe wa wani fim ba kafin lokacin. Shi kuma akasin haka ya nuna: ƙanƙarar duniya ta narke, teku ya shanye ƙasa duka, ruwa ko'ina amma babu na sha, har jarumin yana tace fitsarinsa ya sha. Lissafi bai yarda da wannan ba shi ma. Idan dukan ƙanƙarar duniya ta narke, teku zai ƙaru da kimanin mita 65 zuwa 70. Wannan babbar masifa ce, Legas da Fatakwal da Warri za su nutse, amma Birnin Gwari da Zariya da Kano suna ɗaruruwan mitoci sama da teku, ko ƙafarsu ba za ta jiƙe ba. A matsayina na malamin ilimin halittu, abin da ya fi ba ni haushi a fim ɗin shi ne yadda aka ba jarumin wasu tsage-tsage a bayan kunne, irin waɗanda kifi ke numfashi da su. Iskar oksijin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa ba ta kai kashi ɗaya cikin 30 na wadda ke cikin lita ɗaya ta iska ba, jikin mutum kuwa mai ɗumi ne, yana cin oksijin ninkin-ba-ninkin na kifi. 'Yan tsage biyu a bayan kunne ba za su riƙe shi minti biyar ba. Abu ɗaya da fim ɗin ya faɗa daidai shi ne ruwan teku ba ya kashe ƙishirwa. Gishirinsa ya kai gram 35 a kowace lita, ƙodar mutum kuma ba ta iya yin fitsari mai gishirin da ya kai haka, sai ta ƙara da ruwan jiki kafin ta fitar da shi. Mai shan ruwan teku yana ƙara bushewa ne.

To, yayan yarinya ya yi gaskiya a rabin farko. Saura rijiya.

Ruwan da ke sauka a Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari ba ta cikin wuraren da ke da ƙarancin ruwan sama. Tana samun fiye da milimita 1,000 a yawancin shekaru, abin da ya fi na Katsina da Sakkwato nesa. Ya kamata kowane ɗalibi ya san ma'anar wannan awo: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Mu ɗauki shekarar da aka sami milimita 1,100. Rufin kwanon wani jerin azuzuwa mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10 zai karɓi lita 220,000, watau jarka 8,800 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Gona mai hekta ɗaya za ta karɓi lita miliyan 11. Ƙaramar hukumar kuwa faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, mutanenta a ƙidayar 2006 kimanin 250,000 ne. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya raba, zai ga rabon kowane mutum ya wuce abin da zai iya sha ko da zai rayu shekara dubu.

Matsalar tana wajen lokaci. Kusan dukan ruwan nan yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, mafi yawansa a Agusta da Satumba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Daga Nuwamba zuwa Maris da ƙyar a ga ɗigo, ga hunturu yana busar da komai, ga zafin bazara a bayansa. Duk ruwan da mutum ko saniya ko bishiya za su sha a watan Maris, ruwan damina ne da aka ajiye a wani wuri. Tambayar da ta dace ke nan ita ce: ina ma'ajiyar?

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Wannan magana ta fi zama gaskiya a ƙasar Sakkwato da ta Barno, inda ƙarƙashin ƙasa yashi ne da tsakuwa masu kauri, jere bisa jere, suna riƙe ruwa kamar soso har zurfin ɗaruruwan mitoci. Irin wannan rumbun ruwa ne azzalumin fim ɗin yake zaune a kai. Ƙarƙashin Birnin Gwari, da yawancin Jihar Kaduna, ba haka yake ba. Tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ake gani ya ɓullo sama a Goron Dutse da Tsaunin Rema. Ruwa ba ya shiga cikin jikinsa. Inda ruwa ke samun wurin zama biyu ne kawai: ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, wanda kaurinsa sau da yawa bai wuce 'yan mitoci goma-goma ba, sai kuma tsagogin da ke cikin dutsen kansa. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a nan a sami ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata a tashi a tutar babu. Rumbun ƙarami ne, kuma dole a cika shi kowace damina. Idan aka yi shekara biyu bai cika ba, rijiyoyi za su faɗa.

Madatsar ruwa ta Bagoma, wadda aka gina don samar wa garin ruwan famfo, ita ma ma'ajiya ce, amma ta ɗan Adam. Wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba ita ce ƙasar da muke takawa.

Aikin daji

A 1936 aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun daji na En'e, a watan Mayu na 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, sa'an nan ya gangara Jihar Neja ya faɗa Kogin Kaduna, shi kuma ya faɗa Kwara. Wanda bai san yankin ba, idan ya ji an ce daji sai ya zaci kurmi ne mai duhu irin na kudu. Dajin Kamuku na doka ne, da maje da baushe da taura da kirya da ɗorawa da kaɗanya, bishiyoyi a warwatse, dogayen ciyayi a tsakaninsu, sai a bakin rafuka ne suke cunkushewa, inda tukurwa take. Da lissafinmu na ɗazu, ruwan da ke sauka a kan wannan gandu kaɗai a shekara ya haura lita biliyan dubu.

Mu bi ɗigo ɗaya. Ɗigon ruwan sama yana faɗowa da ƙarfi. Idan ya sami ƙasa tsirara, sai ya farfasa dunƙulen ƙasar, ƙananan ɓarɓashin laka su toshe ramukan da ke samanta. Da rana ta fito sai saman ya bushe ya yi ɓawo kamar daɓe. Ruwan da zai biyo baya ba ya samun hanyar shiga, sai ya kwarara, ya ɗebi ƙasa, ya yi ja, ya faɗa rafi. Cikin kwana biyu ya wuce Jihar Neja. Idan kuwa ɗigon nan ya faɗo a inda akwai bishiya da ciyawa, ganye ne zai fara tare shi ya rage masa ƙarfi, busassun ganyen da ke ƙasa su riƙe shi na ɗan lokaci. A ƙarƙashinsu ƙasar cike take da hanyoyi: ramukan tsofaffin saiwoyi da suka ruɓe, da na tsutsotsi, da na gara. Manomi yana ƙin gara, kuma yana da hujja, amma a daji ita ce babbar mai haƙa. Tana bin busasshen ganye da itace, tana huda ƙasa zuwa zurfin mitoci, ruwa kuma yana bin waɗannan hanyoyi ya gangara har ya isa ruɓaɓɓen dutse. Daga nan tafiyarsa ta zama ta hawainiya. Ɗigon da ya shiga ƙasa a Agusta shi ne zai tsatso a gindin fadama a Janairu, shi ne ruwan da mata ke samu idan sun tona yashin rafi a Maris, shi ne na rijiyar gidan su yarinyar nan.

A nan dole in yi wa malamai gyara a kan wata magana da muke yawan faɗa wa yara, cewa bishiya tana kawo ruwa, saboda haka yawan bishiya yawan ruwa. Maganar ba ta cika ba. Bishiya mashayiya ce. A bayan kowane ganye akwai dubban 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda take buɗewa don ta shaƙi iskar da take haɗa abinci da ita, ta nan kuma ruwa ke fita ya zama tururi. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ruwan da saiwa ta sha ta wannan hanya yake tafiya. Babbar bishiya tana iya fitar da ɗaruruwan lita a rana ɗaya ta zafi. An gwada a ƙasashe da dama an ga cewa idan aka sare daji, jimillar ruwan da kogi ke ɗauka a shekara takan ƙaru. Abin da ke canzawa shi ne rabonsa: ambaliya a Agusta, yashi a Fabrairu. Haka kuma idan aka cusa bishiyoyi masu yawan sha, irin su turare, a kan fadama, suna iya busar da ita.

Wani bincike da aka yi a Saponé ta ƙasar Burkina Faso, aka buga a 2016 ƙarƙashin jagorancin Ulrik Ilstedt, ya warware wannan ƙulli. Masu binciken sun auna ruwan da ke ratsawa zuwa zurfin mita 1.5 a gonakin da ke da kaɗanya a warwatse. Sun tarar cewa a gindin bishiya ruwan da ke wucewa ƙasa kaɗan ne, don bishiyar tana shanyewa. A fili mai nisa da kowace bishiya shi ma kaɗan ne, don ƙasar ta toshe. Inda ya fi yawa, har ya ninka sau da dama, shi ne a ɗan filin da ke kusa da bishiya, daga bakin inuwarta zuwa gaba kaɗan, inda ganye da gara suka gyara ƙasa amma saiwa ba ta mamaye ba. Ke nan rumbun ƙasa ya fi cika idan bishiyoyi suna nan daidai wa daida, ba cunkus ba, ba kuma fayau ba. Duk wanda ya san tsohuwar gonar Bahaushe ko ta Bagware, da ɗorawa nan, kaɗanya can, tsamiya a kan iyaka, ya san wannan siffa. Ita ce kuma siffar dajin doka. Bishiyoyinsa ma sun san tattali: yawancinsu suna zubar da ganye da rani, su rage sha a daidai lokacin da ruwa ke da tsada.

Yadda ƙarancin ruwa ke zuwa da gaske

A fim, masifa tana zuwa ne dare ɗaya. A ƙasa tana zuwa ne buhu-buhu. Duk wanda ya bi manyan hanyoyin jihar nan ya ga buhunan gawayi a jere suna jiran mota, kuma gawayin kirya ya fi kowanne daraja, alhali kirya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta girma. Ga sabbin gonaki da ake sharewa ƙwal don tarakta ta sami hanya. Ga gobarar daji ta ƙarshen rani, wadda ke cinye busasshen ganyen da ya kamata ya tare ruwan farko. Ga mutane da dabbobi suna ƙaruwa: Nijeriya tana da mutum miliyan 55.6 a ƙidayar 1963, miliyan 140 a ta 2006, yanzu ta haura miliyan 200, ruwan sama kuwa bai ninka ba. Rijiyar da gida ɗaya ke ja a zamanin kakar yarinyar nan, yau wataƙila rijiyoyi goma ne da burtsatse biyu ke tsotsar rumbun da take tsotsa. Ban je na auna rijiyarsu ba, amma da za a ce in yi hasashe, a waɗannan wurare biyu zan fara dubawa: abin da ke shiga ya ragu, abin da ke fita ya ƙaru.

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin Mad Max da ya sa na daina dariya. Bayan doguwar wahala, Furiosa ta gano cewa dausayin da take nema ta riga ta wuce shi cikin dare ba ta gane shi ba, domin ya zama taɓo mai guba, ruwan yana nan amma ba abin da ke tsirowa. Wannan yana faruwa, kuma ya faru kusa da mu. Duwatsun Birnin Gwari suna da zinariya, an daɗe ana haƙarta tun zamanin Turawa, irin duwatsun nan kuma sun miƙa har Zamfara da Neja. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda dutsen zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma. Akasarin gubar ta ƙura ta shiga jikinsu, amma ta gurɓata har kududdufan da ake wanke dutsen. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, yara aƙalla 28 suka rasu. Sai kuma zaiba, wadda masu haƙa ke amfani da ita don kama zinariya. Idan ta shiga lakar rafi, wasu ƙwayoyin halitta suna mayar da ita wani nau'i da ke maƙalewa a jikin mai rai. Ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubu, babban kifi ya ci ƙananan kifi ɗari, mutum ya ci babban kifi, a kowane mataki gubar tana taruwa. Haka aka yi a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956. Ɗalibai su riƙe wannan da kyau: tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot, amma ba ya cire dalma ko zaiba.

Sauran abin da fim ɗin ya gane shi ne cewa ruwa yana iya kasancewa a wuri, mutum ya kasa isa gare shi saboda wani mai makami. Mutanen Birnin Gwari ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Fiye da shekara goma 'yan bindiga suka mayar da dazuzzukan yankin mafaka, ƙauyuka suka tashi, gonaki da fadamu suka zama kufai, jama'a suka taru a garuruwa suna layi a kan 'yan rijiyoyin da ke nan. Mu kanmu masu bincike mun yi asarar shekarun da ya kamata a ce muna auna rafukan Kamuku da magangarar Dogon Ruwa. A Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu a yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Duk lokacin da manomi ya koma gonar da ta yi shekaru ba a taɓa ba, zai tarar da tsiron doka da taura da kalgo sun fito daga tsofaffin kututture, domin saiwarsu ba ta mutu ba. Abin da zai yi da su ranar sassabe yana da alaƙa da rijiyar gidansa. Manoman Maraɗi da Damagaram, bayan farin 1984, sun koyi barin irin wannan tsiro, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture su datse sauran. An ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi suka dawo a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, a ƙasar da ruwan samanta bai kai rabin na Birnin Gwari ba.

Gwaji a harabar makaranta

Ba sai an shiga daji ba, kuma ban ba kowa shawarar ya kai yara can ba. Malami ya sa a ɗaura farar leda a kan reshen mangwaro ko darbejiya mai ganye da safe, a ɗaure bakinta tam. Kafin a tashi za a ga ruwa ya taru a ciki. A ɗaura wata a kan reshen da aka tsige wa ganye don a kwatanta.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci. A samo gwangwanin tumatir babba guda uku iri ɗaya, a cire musu sama da ƙasa. A kafa ɗaya a tsakiyar filin ƙwallo inda ƙasa ta taku, ɗaya a bakin inuwar wata tsohuwar bishiya inda ba a share ganye, ɗaya a gonar makaranta. Kowanne a danna shi ya shiga ƙasa kamar santimita 3, a hankali, kada a farfasa saman ƙasar. A zuba rabin lita na ruwa a kowanne, a duba agogo, a rubuta mintocin da ruwan ya ɗauka kafin ya ɓace. A maimaita sau uku a wurare daban-daban, domin awo ɗaya ba hujja ba ne. Idan sakamakon wani wuri ya saɓa wa abin da na faɗa a sama, kada a goge shi, a tona wurin a ga dalili.

Na uku aiki ne na shekara guda, shi ne kuma na ba ɗalibina ya kai wa ƙanwarsa. A sami igiya a ƙulla mata alama a kowane rabin mita, a ɗaura ɗan dutse a bakinta. Kowace Asabar da sassafe, kafin a fara jan ruwa, wani babba ya zura ta a rijiya har dutsen ya taɓa ruwa, yarinya ta karanta alamar da ke daidai bakin rijiyar ta rubuta tare da kwanan wata. A tsakar gida kuma, nesa da rufi da bishiya, a ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bayan kowane ruwa a auna zurfin abin da ya taru da rula, a rubuta, a zubar. A ƙarshen shekara za a ga makonni nawa ne tsakanin ruwan farko da ranar da rijiya ta fara tasowa, da kuma saurin saukarta daga Nuwamba. Littafin awon kada a bar shi ya ɓata idan shekara ta ƙare, a ci gaba a shafi na gaba, makarantar da ta yi nata kuma ta miƙa shi ga ajin da ke biye.